Sabon amfili ko gyara abin da ke hannu: ina ya kamata kuɗinka ya tafi?

Duk wanda ya haɗa kayan sauti a falonsa, ba ya daɗewa sai zuciya ta fara raya masa cewa amfilin ne ya yi kaɗan. Amfili dai shi ne akwatin da ke karɓar raunanan sauti daga waya, talabijin ko dikoda, ya ƙara masa ƙarfi har ya iya motsa sifika. Da yake shi ne mai nauyi, shi ne mai maɓallin da ake murɗawa, a jikinsa kuma ake rubuta manyan lambobi, shi ake fara ɗora wa laifi da zarar sauti bai gamsar ba. Ni kuwa abin da na gani a gidajenmu na Garwa da Marwa har zuwa Kusuri da Njamena shi ne, ƙarfin amfili ba kasafai yake zama matsalar ba. Idan har akwai dalilin canza shi a wannan yanki, galibi daga zafi da yanayin wutar lantarki yake fitowa, ba daga kunne ba.

Mu fara da lissafi, don shi ne ke raba gardama. Da wat ake auna ƙarfin amfili, amma ƙarar da ke isa kunne da desibel ake auna ta, kuma su biyun ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa. Idan ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai ka ƙara. Kunne zai ji an ɗan ɗaga, shi ke nan. Kafin mutum ya ce sauti ya ninka ƙara, sai an ƙara kusan desibel 10, wato sai an ninka wat sau goma. Ɗauki misalin amfili biyu na Yamaha da aka sani: A-S301 yana ba da wat 60 a kowane ɓangare, hagu da dama, yayansa A-S501 yana ba da 85. A takarda ratar tana da girma. A kunne kuwa desibel ɗaya da rabi ce, abin da ɗan taɓa maɓalli kaɗan zai ba ka. Wanda ya sayar da na farko ya cika kuɗi ya sayi na biyu don neman ƙara, bai sayi komai ba sai nauyi.

To nawa falo yake ci a zahiri? A bayan sifika ko a takardarta akwai lambar da mutane ba sa kula da ita, wadda ke nuna ƙarar da take fitarwa idan aka ba ta wat ɗaya tak, aka tsaya mita ɗaya daga gabanta. Yawancin sifikokin gida suna tsakanin desibel 85 da 90. A ce taka 88 ce, kana zaune mita 3 daga gare ta. Nisa zai cinye kusan desibel 9 da rabi, sifika ta biyu ta mayar da kamar 3, bangon ɗaki ma ya ɗan mayar da wani abu. Ka ga da wat ɗaya kana jin sama da desibel 80, ƙarar da sai an ɗaga murya kafin a ji juna a ɗakin. Masana lafiyar kunne suna gargaɗi a kan zama awa 8 a cikin desibel 85, saboda haka ba wurin da za ka so wucewa ba ne kullum. Abin da ke buƙatar sauran wat ɗin shi ne bugu na farat ɗaya: dukan ganga, tsawar da ke cikin fim, ihun 'yan kallo idan Coton Sport ta jefa ƙwallo a filin Roumdé Adjia na Garwa. Irin wannan yakan haura matsakaicin ƙara da desibel 10 zuwa 15, a kiɗan da ba a matse ba har 20. Desibel 10 na nufin wat 10, desibel 15 wat 32, desibel 20 kuma wat 100. Amfili mai wat 50 ko 60 na gaskiya ya wadatar da falo, musamman ga wanda abin da ya fi saurare karatun Alƙur'ani ne, da wa'azi, da labaran rediyo, da fina-finan Hausa, waɗanda duk murya ce ginshiƙinsu.

Na ce wat na gaskiya, domin kasuwa cike take da na ƙarya. Za ka ga kwali an dangwala masa 3000W ko 5000W da jan rubutu, kusa da shi ƙananan haruffa PMPO. Wannan awo ba shi da ƙa'idar da kowa ya yarda da ita, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Tun 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta tilasta wa masu ƙera amfili su bayyana ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa ba yankewa, wanda ake rubutawa RMS, amma kayan da ke shigo mana ba duka suka san da wannan doka ba. Dabarar gano gaskiya ba ta da wuya. Juya akwatin, duba kusa da igiyar wuta inda aka rubuta yawan wutar da yake ci. Na'urar da ke shan wat 60 daga bango ba za ta ci gaba da fitar da fiye da 60 ba, a raba kuma tsakanin ɓangarori biyu, a cire abin da ya tafi a zafi. Idan wannan ne amfilinka, to ba ƙarin ƙarfi kake nema ba, amfili na gaskiya kake nema karo na farko, kuma ina goyon bayanka ka saya.

Akwai kuma maganar daɗin sauti, inda masu sha'awar abin suke kwana suna musu: wannan muryarsa da ɗumi, wancan da kaifi. A 1987 mujallar Stereo Review ta Amurka ta buga sakamakon gwajin da aka daidaita ƙarar amfiloli daban-daban, aka ɓoye wa masu saurare wanda ke aiki. A cikinsu akwai Pioneer na dala ɗari biyu da 'yan kai, da wani mai kwalabe, wato mai aiki da bututun gilashi irin na tsohuwar rediyo, na dala 12,000. Masu sauraren ba su iya bambance su ta hanyar da za a dogara da ita ba. Ban ce duk amfili ɗaya ne ba. Abin da gwajin ya nuna shi ne, amfili biyu masu lafiya, muddin ba a tura su fiye da ƙarfinsu ba, bambancinsu ƙanƙane ne matuƙa idan aka gwada da bambancin sifika da sifika. Akwai kuma abin da ke yaudarar kunne a shago: wanda ya ɗan fi ƙara, ko da desibel ɗaya ne, shi ake ji kamar ya fi tsabta. Mai shago ba sai ya yi niyyar cuta ba, sabon ne kawai hannu ya fi murɗawa.

Saboda haka idan kuɗin a hannu yake, ga abokan takarar amfili. Na farko sifika. Sifika mai desibel 91 a madadin mai 88 daidai take da ninka wat ɗin amfilinka, ba tare da ka ƙara ko sisi a kuɗin wuta ba, kuma ita ce ke da alhakin yadda murya ke fita, ko a buɗe ko a shaƙe. Saka babban amfili a kan sifika marar kyau kamar ɗora injin tirela ne a kan motar da tayoyinta suka suɗe. Na biyu shi ne akwatin bas mai amfilinsa a ciki. Sautin ƙasa shi ya fi kowanne cin wuta. Idan na'urarka na iya yanke abin da ke ƙasa da hez 80, wato sauti mafi kauri, ta miƙa wa akwatin bas, tsohon amfilin zai sami sarari, ƙananan sifikokin su huta, kai kuma ka ji kamar an canza komai.

Na uku shi ne ɗakin kansa, kuma a nan nake so in daɗe, don shi ne aka fi mantawa. Falonmu na yanzu tayil ne a ƙasa, siminti a bango, gilashi a taga, wani lokaci silin na roba ko na filawud a ƙarƙashin kwano. Babu abin da ke shanye sauti, sai ya yi ta kai da komo, kalmar da malami ya faɗa ta hau kan wadda ta biyo ta. Mai gida ya kasa jin magana sarai, sai ya ƙara murya, amsawar ɗakin ma ta ƙaru, sai ya yanke hukuncin amfili ya gaza. Tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar falon. In ka ji wani ɗan ziri ya biyo bayan tafin, matsalarka ke nan. Kafet mai kauri tsakaninka da sifikoki, labule mai nauyi, kujeru masu kushin, ko da kantar littattafai a bangon baya, suna gyara fiye da yadda ake zato. Sai a fitar da sifikokin daga lungu, a ɗan janye su daga bango, a ɗaga su har ƙaramar sifikar sama, wadda masu gyara ke kira tuwita, ta yi daidai da kunnen mai zama. Mu da muke yawan zama a ƙasa a kan darduma, wannan tsayin ba ɗaya ba ne da na mai kujera, kuma sifikar da aka rataya can kusa da silin kan mutane take bi ta wuce. Ga kuma fanka. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, fanka ba ta tsayawa, kuma ƙugin tsohuwar fanka yana binne duk ƙananan sautukan da kake shirin biyan kuɗi don ka ji. Waɗannan gyare-gyare wasu kyauta ne, wasu kuɗinsu bai kai rabin na amfili ba.

Amma akwai inda canjin ya zama dole, ba zan ɓoye ba. Idan kana ɗaga murya sai sauti ya fara tsagewa, ya yi kaushi musamman a wurin bugun ganga, amfilin ya kai maƙura yana yanke kan sautin. Wannan yankewar ce ke ƙona tuwita, shi ya sa ƙaramin amfili da ake takurawa yake kashe sifika fiye da babba da ke aiki cikin nutsuwa. Haka idan yana ɗauke kansa bayan ya yi zafi. Kafin ka zarge shi, duba abin da ka jona masa. Om shi ne awon yadda sifika ke tare wuta, in ya yi ƙasa amfili ya fi wahala: sifika biyu masu om 8 a kan layi ɗaya suna komawa om 4, biyu masu om 4 suna komawa 2, kuma amfilin gida kaɗan ne ke jure om 2. Yawancin amfilolin da ake kai wa gyara ba tsufa ya kashe su ba, an ja waya ne zuwa zaure, an ƙara wata zuwa ɗakin uwargida, duk a baki ɗaya.

Sai mai son sauti a tsakar gida, don suna ko walima ko kallon ƙwallo da maƙwabta. A fili babu bangon da zai mayar da komai, kuma duk ninkin nisa yana cin desibel 6. Sifikar nan mai 88, a mita 8, ta zubar da desibel 18. Don a ji ta da kyau sai bugunta ya nemi wat 150 ko fiye, abin da ita kanta ƙila ba za ta ɗauka ba. Ko a nan ma ba amfili ne amsar farko ba. Sifikokin taro, irin na masu haya, sukan kai desibel 95 zuwa sama. Tsakanin 88 da 96 akwai desibel 8, wato kamar ka ninka amfilinka sau shida. In kuwa sau biyu ko uku ne a shekara, haya ta fi saye.

Mai na'urar sinimar gida, wadda ke tuƙa sifika biyar ko bakwai, shi ma yana da hujja. Lambar da aka rubuta a jikinta galibi an auna ta ne da ɓangare ɗaya ko biyu suna aiki, idan duka suka tashi tare sai kason kowanne ya ragu, don taransifoma ɗaya suke sha. Ƙara amfili na daban ya ɗauki sifikokin gaba biyu yana sauƙaƙa mata. Sharaɗi shi ne a bayanta akwai ramukan da aka rubuta PRE OUT. Ƙananan samfura da yawa ba su da su, kuma in babu, kada ka sayo amfilin ka zo kana neman inda za ka soka.

Yanzu a ce ka tabbatar canji za ka yi. Zaɓin gaske tsakanin iri biyu ne na tsarin cikin amfili, ajin AB da ajin D. Ajin A da masu kwalabe ka bar su: amfilin ajin A mai wat 30 a kowane ɓangare yana iya zuƙar wat 200 ko fiye ko ba a kunna komai ba, kusan duka ya koma zafi a cikin ɗakin da dama neman iska kake.

Ajin AB shi ne wanda muka saba, mai nauyi, da ƙaton taransifoma da ƙarfen sanyaya mai haƙarƙari. Idan yana aiki sosai, abin da ke isa sifika bai cika wuce kashi 50 zuwa 65 cikin ɗari na wutar da ya sha ba. Ƙarfinsa kuma yana bin wutar bango. Layinmu na bolt 220 ne, amma duk mazaunin Arewacin Kamaru ya san yadda take yi da yamma, balle a shekarun da ruwa ya ja baya a madatsar Lagdo, wadda ke kan kogin Binuwai kuma ita ce babbar madogarar wutar yankin tun farkon shekarun 1980. Tashoshin sola na Marwa da Gidar sun taimaka, amma faɗuwar wuta a unguwanni ba ta ƙare ba. Idan ta sauka zuwa bolt 180, amfili mai taransifoma ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. Mutum sai ya ga da safe lafiya lau, bayan magariba sauti na tsagewa, ya ɗauka na'urar ce ta lalace. Na'urar daidaita wuta mai isasshen girma ita ce maganin wannan, kuma kowane amfili ka saya, sabo ko tsoho, yana buƙatarta tare da abin kare tsawa kafin damina. Falalar ajin AB ita ce gyaruwa. Taransistocinsa manya ne, irin su 2SC5200 da 2SA1943 da kowane mai gyaran rediyo ya sani, ana cirewa da dalma a sa wasu. Sai dai jabunsu sun yi yawa a kasuwa, a sayi na wurin wanda aka amince da shi.

Ajin D kuwa ƙarami ne, marar nauyi, kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da ya sha yana kaiwa sifika, don haka ɗumi kawai yake yi. A da ana raina shi, amma zamanin ya wuce. Kamfanoni irin su Hypex na Holan da Purifi na Denmak suna ƙera na sahun gaba, a ƙasa kuma akwai ƙanana masu araha irin Fosi V3 da Aiyima A07, waɗanda aka gina a kan guntun TPA3255 na Texas Instruments. A irin waɗannan, akwatin wutar da ya zo da su shi ne ke yanke ƙarfinsu: da na bolt 32 kana samun kusan wat 60 a sifika mai om 8, da na bolt 48 ya haura 100. Lambar 300 da ke kan kwali ta wani yanayi ce da ba za ka so saurare a cikinsa ba. Ga gidan da ke kan sola, nan ne ajin D ya yi wa AB nisa. Allunan TPA3116 suna aiki kai tsaye daga batir mai bolt 12 ko 24, ba sai an bi ta inbata ba, kuma ka huta da ƙugin da inbata mai araha ke sa taransifoma ya yi. Ka dai sani a bolt 12 ba za ka wuce kamar wat 18 a om 4 ba, ko me aka rubuta. Ya ishi ɗaki, bai ishi tsakar gida ba. Rauninsa shi ne in ya mutu, sau da yawa allon gaba ɗaya ake canzawa, kuma ba kullum ake samunsa a kusa ba, sai an aika Duwala ko an tsallaka Najeriya. Kada kuma a haɗa baƙaƙen wayoyin hagu da dama wuri ɗaya a irinsa, yana iya ƙonewa nan take.

Kayan hannu da ke shigowa daga Turai suna da jaraba, kuma akwai na ƙwarai a ciki: tsofaffin Yamaha, Denon, Marantz, NAD da Sony. Abu biyu za ka duba. Na ɗaya, rubutun bolt a baya. Na Turai 220 zuwa 240 ne, ya dace da mu. Na Amurka 120 ne, na Japan 100, in ka soka su kai tsaye hayaƙi za ka gani. Na biyu, shekaru. Manyan kwandansa da ke ciki, masu tara wuta, suna bushewa, kuma ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba rayuwarsu biyu. Na'urar da ta yi shekara 25 a ƙasar sanyi, bazara biyu a nan na iya ƙarasa ta.

Wannan ya kawo zaɓin da na fi ba mutane shawara, wato kai wanda ke hannunka wurin gyara kafin ka yi maganar sabo. Ƙurar hunturu tana shiga ta ramukan iska ta kwanta a kan ƙarfen sanyaya, ta shiga maɓallan murɗawa su riƙa ƙarar yashi, ɓangare ɗaya ya riƙa ɗaukewa. Wani dattijo mai gyara da nake kai wa kaya yakan ce da masu zuwa da irin wannan ƙorafi, "Alhaji, bari in hure shi in canza kwandansa tukuna, in bai dawo ba sai ka yi fushi da shi." A hure ƙura, a wanke maɓallai, a sabunta farin man da ke tsakanin taransisto da ƙarfe, a sa kwandansa masu jure digiri 105 a madadin na 85. Bayan haka a fitar da shi daga cikin kabad mai gilashi, a bar masa sarari a sama, kada a ɗora masa dikoda a kai, kuma ƙyallen da ake rufe shi da shi saboda ƙura a riƙa cirewa kafin a kunna.

In bayan duk wannan zuciyarka na kan sabo, roƙi mai shago ko aboki ya ba ka aro na kwana ɗaya, ka gwada a falonka da sifikokinka. Sa sautin gwaji guda daga waya, ka auna bakin sifika da mitar masu gyara har amfilolin biyu su ba da bolt ɗaya. Sannan ƙaninka ko ɗanka ya riƙa sauya wayoyin a bayanka, yana kashe wuta kafin kowane sauyi, ba tare da ya gaya maka wanne ke aiki ba. Saurari karatun da ka haddace da kiɗan da ka fi sani, a ƙarar da ka saba da kuma wadda ta ɗan fi ta. In kana gane sabon kusan kowane zagaye, saya. In kana canka ne kawai, kuɗin ya tafi wurin sifika, kafet da na'urar daidaita wuta, sai dai in kana kan sola ko tsohon yana dafa maka ɗaki, a nan ƙaramin ajin D mai akwatin wuta na kirki ya cancanci kuɗinsa ko da sautin bai canza ba.